Kwamfuta ta ce ginin dutsen zai tsaya, hotunan Amatrice sun ce a'a: ina kuskuren yake?

Mai Koyon Gini ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina. Ina neman a haska mini wani aiki na auna raunin tsohon gini idan girgizar ƙasa ta zo. Ginin irin na tsakiyar Italiya ne, yankin Amatrice da Norcia: hawa biyu, tsawo mita 12, faɗi mita 8, tsayin bango mita 6, kaurinsa santimita 50. Dutse ne marar sassaƙa da aka ɗora da kwaɓin farar ƙasa da yashi, babu rodi ko ɗaya a ciki. Benen katako ne a kan azara, rufin ma katako da tayil.

Na gina samfurinsa a 3Muri, manhajar lissafin ƙarfin ginin dutse da bulo, na ɗauki benen a matsayin mai tauri wanda ba ya lanƙwasa, na sa ƙarfin bango na tsakiyar jadawalin da Italiya ta fitar, sannan na yi gwajin turi guda 24, wato gwajin da kwamfuta ke tura ginin ta gefe sannu a hankali har ya gaza. Ƙarfin girgizar da ake lissafi da shi a wurin kusan 0.25g ne a kan dutse, wato rubu'in ƙarfin jan ƙasa (g), ƙasar kuma aji B ce, mai tauri amma ba ta kai dutse ba. Sakamako ya nuna ginin yana dab da wucewa, abin da yake iya ɗauka ya kusa yin daidai da abin da ake nema. To amma duk wanda ya ga hotunan Amatrice bayan girgizar 24 ga Agusta 2016 ya san gidaje irin wannan zubewa suka yi. Ina kuskuren yake? Kuma shin in koma manyan manhajoji irin su DIANA ko Abaqus ne don in sami amsa mafi inganci?

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi gaggawar sauya manhaja. Matsalar ba ta 3Muri ba ce, tambayar da ka yi mata ce ba ta dace da ginin ba.

Hanyar da 3Muri ke bi, wadda aka samo daga TREMURI na jami'ar Jenowa, tana yanka kowane bango gida uku: ƙafar bango wato ɓangaren da ke tsakanin tagogi, goshin taga wato bangon da ke saman taga da wanda ke ƙasanta, da mahaɗa da ake ɗauka ba ta fashewa. Duk lissafinta ya ginu ne kan cewa ginin akwati ne, kusurwoyinsa a sarƙe suke, bene ya riƙe bango, don haka kowane bango zai karɓi turi ta tsawonsa. Tsohon ginin dutse mai benen katako sau da yawa ba akwati ba ne. Bangwaye huɗu ne da suka jingina da juna. Idan ƙasa ta motsa, bangon gaba yakan rabu daga kusurwa ya kife waje tun kafin bangon gefe ya fara aiki. Wannan kifewar ita ce ta fi kashe mutane, kuma gwajin turinka guda 24 bai gan ta ba ko kaɗan, domin ba a gina shi don ya gan ta ba.

Ɗauki biro da takarda mu lissafa. Ɗauki mita ɗaya na bangon gaba, ka ɗauka babu abin da ya riƙe shi. Nauyinsa kauri 0.5 × tsayi 6 × 19, nauyin kowace mita kubik, wato kN 57 (kN ma'aunin ƙarfi ne, kamar nauyin kilo 100). Nauyin yana tsakiyar kauri, santimita 25 daga bakin waje, kuma tsakiyar tsayi, mita 3 daga ƙasa. Bangon zai fara kifewa idan turin gefe ya kai 0.25 a raba da 3, wato 0.083 na nauyinsa. Amma wannan ya ɗauka cewa gefen da bangon zai juya a kansa ba ya murƙushewa. Dutse da farar ƙasa yana murƙushewa, don haka wurin juyawar yakan koma ciki. Da ƙarfin matsi na MPa 0.74 (MPa ma'aunin matsi ne) zai koma da kamar santimita 5, hannun nauyin, wato tazararsa daga wurin juyawa, ya zama santimita 20, adadin ya sauka zuwa 0.067. Raba shi da ma'aunin shakka 1.35, wanda ake sawa idan ba a yi gwaji a jikin ginin ba, za ka ga kusan 0.05g.

Yanzu abin da ake nema: 0.25g sau 1.2 na ƙasa aji B, a raba da 2 kamar yadda dokar Italiya ta yarda a wannan gwaji, ya zama 0.15g. Bangonka yana da kashi ɗaya cikin uku na abin da ake bukata. Ga amsar hotunan da ka gani.

Kuma wannan ma idan bangon dunƙule ɗaya ne. Yawancin bangon dutse na wannan yanki fuska biyu ne, ta waje da ta ciki, an cika tsakaninsu da ɓaraguzai da ƙasa, ba a sa dogon dutsen da zai ratsa ya ɗinke su ba. Idan haka ne, fuskar waje mai santimita 20 ita kaɗai za ta ɓalle, 0.2 a raba da 6, wato 0.033 tun kafin a rage komai. Idan kwaɓin ya riga ya zama gari kuwa, bangon ba zai ma kife a matsayin guda ba, warwatsewa zai yi kamar an zubar da buhun tsakuwa. Babu lissafin kifewa da ke aiki a nan. Saboda haka abu na farko da ake dubawa ba kwamfuta ba ne: a ɓare filasta kamar mita ɗaya murabba'i a wurare da dama, a buɗe kusurwa a ga ko duwatsun sun shiga juna, a huda bango a zura ƙaramar kyamara a ga cikinsa, a ɗaga katakon bene a ga nawa azara ta shiga bango kuma ko an ɗaure ta.

Tsarin aikin a wurina shi ne: ingancin bangon kansa, sannan kifewar ɓangarori (bangon gaba duka, hawan sama kaɗai, kusurwa, kan bango mai siffar alwatika a ƙarƙashin rufi, lanƙwasar bango a tsakanin bene da rufi), sai a ƙarshe gwajin ginin gaba ɗaya. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ne ƙarfin ginin.

Ga abin daɗi: maganin kifewa ba shi da tsada. Don a kai 0.15g ana bukatar adadin ya zama kusan 0.20. Juyin da ke son kifar da bangon 57 × 3 × 0.20, wato 34, nauyin kansa yana riƙe da 11, saura 23. Raba da mita 5.8, tsayin da za a sa sandar ɗauri, ya ba ka kN 4 a kowace mita. Bango mai mita 8 yana son kamar kN 32, sanduna biyu na milimita 20 sun wadatar har da rara, tunda kowace ɗaya tana ɗaukar sama da kN 70. Abin da yakan gaza ba sandar ba ce, farantin da ke waje ne yake ɓula bangon ya shige. Sai a lissafa girman farantin da ƙarfin bangon da ke kewaye da shi. Bayan an ɗaure sama kuma sai a sake lissafi, domin yanzu bangon zai nemi ya kumburo a tsakiya.

Hajiya Mai Lissafi ta amsa:

Duk abin da Baba Injiniya ya faɗa haka yake. Ni zan koma kan samfurin naka ne, ɗana, domin ko a gwajin turin ma akwai wurare uku da ka yi wa ginin alfarma.

Na farko lambobin bango. Ba ka yi gwaji a jikin ginin ba, don haka kana matakin sani na ɗaya. Kashi na 3 na Eurocode 8, ƙa'idar Turai ta gini mai jure girgizar ƙasa, ya ba da ma'aunin shakka 1.35 a wannan mataki, 1.20 a mataki na biyu, 1.00 a na uku. Jadawalin da Italiya ta fitar a 2009 ya ba dutse marar sassaƙa ƙarfin matsi MPa 1.0 zuwa 1.8, ƙarfin yanka MPa 0.020 zuwa 0.032, E wato taurin matsi daga 690 zuwa 1050, G wato taurin yanka daga 230 zuwa 350, nauyi kN 19 a kowace mita kubik. A mataki na ɗaya ƙaramin adadi ake ɗauka na ƙarfi, matsakaici na tauri, sannan a raba ƙarfin da 1.35. Wato matsi 0.74, yanka 0.015, E 870, G 290. Kai ka sa 0.026 na yanka ba tare da ragi ba, ka kusan ninka shi biyu. Sannan a rage E da G da rabi don bangon da ya riga ya tsage. Idan kana son ka hau mataki na biyu sai an yi gwaji: matashin ƙarfe mai mai da ake cusawa a tsagar bango a hura, guda ɗaya yana ba ka matsin da ke wurin, biyu suna ba ka E, da gwajin matse murabba'in bango ta kusurwa da kusurwa don ƙarfin yanka. Wannan na ƙarshe yana ɓata bango, shi ya sa ba a cika yarda da shi a ginin tarihi ba.

Na biyu, goshin taga. Mutane suna raina shi, alhali shi ke yanke hukuncin yadda ƙafar bango za ta mutu. Ɗauki ƙafa mai tsawon mita 1.5, kauri 0.5, tsayi mita 2, matsin da ke kanta MPa 0.10, wato kN 75. Tsagewar gicciye bisa lissafin Turnšek da Čačovič tana zuwa a kusan kN 29. Juyin da take iya ɗauka kafin ta fara rangaji kuwa 75 × 0.75 × 0.84, kusan 47. Idan goshin yana da ƙarfi ya riƙe kanta, hannun turi mita 1 ne, rangaji sai a kN 47, don haka gicciye zai riga shi a 29. Idan goshin rarrauna ne, kamar wanda ke kan lintar katako babu sandar ɗauri, hannun ya zama mita 2, rangaji ya zo a kN 24. Ka ga ƙarfin bai bambanta sosai ba, amma dubi nisan tafiya: Eurocode ya ba tsagewar gicciye karkatar kashi 0.4 cikin ɗari, milimita 8 a wannan ƙafar, ya ba rangaji 0.8 sau 2 a raba da 1.5, kusan kashi 1.07 cikin ɗari na tsayin mita 2, wato sama da milimita 21. Ƙafa ɗaya, amsa biyu da suka kusan ninka juna uku, kuma zaɓi ɗaya a manhaja ne ya raba su. Don haka a gudanar da samfurin sau biyu, da goshi mai ƙarfi da marar ƙarfi, a ba da rahoton duka biyun.

Na uku bene. Katako jere ɗaya da aka buga da ƙusa a kan azara ba ya kai turi daga bango zuwa bango. Idan ka ce mai tauri ne, manhajar za ta kwashe nauyi daga bangon da ya gaji ta kai wa mai sauran ƙarfi, taimakon da babu shi a zahiri. Sa shi a matsayin shimfiɗa mai laushi, ka kuma gwada kowane bango shi kaɗai da nauyin da ke kansa. Da bene mai laushi za ka lura cewa sakamakon yana sauyawa idan ka sauya wurin da kake auna motsi. Ɗauki matsakaicin motsin hawan sama, kada ka ɗauki kusurwa ɗaya. Ka kuma duba yawan nauyin da ke shiga salon girgiza na farko. Idan ya yi ƙasa sosai, hanyar N2 ta Fajfar da ke mayar da gini kamar nauyi guda a kan sanda ta fara rasa tushe.

Wani abu kuma: ginin shi kaɗai yake tsaye ko yana manne da maƙwabta? A tsoffin garuruwan can gidaje jere suke, bango ɗaya na gida biyu. Na tsakiya yana samun madogara, na ƙarshen layi yana shan murɗa, kuma idan benayensu ba su yi daidai ba benen maƙwabci yakan daki tsakiyar bangonka.

Mai Koyon Gini ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Baba da Hajiya. Ginin shi kaɗai yake. Na gyara lambobin na sassauta benen, abin da ginin yake iya ɗauka ya faɗo ƙasa da rabin abin da ake nema, kuma lissafin kifewa ya fito kamar yadda Baba ya nuna. Saura tambayata ta biyu: yaushe ne ya dace a shiga wahalar manyan manhajojin?

Ɗan Raga ya amsa:

Malam, ga gida mai tagogi a jere kamar naka, hanyar firam, wato irin ta 3Muri, tare da lissafin kifewa ta isa. Ana komawa hanyar raga, wadda ke yanka bango ƙananan gutsattsari kamar idon raga, idan ginin ya ƙi yankuwa zuwa ƙafa da goshi: coci, masallaci, hasumiya, rufin baka, ƙubba, ko bangon da tagoginsa ba su hau kan juna ba. Cocin San Benedetto na Norcia da ya zube ranar 30 ga Oktoba 2016 ya bar fuskarsa a tsaye, ko bakan rufin cocin San Francesco na Assisi da ya faɗo a 1997, ba firam ɗin da zai kama su.

Idan ka shiga, ga inda ake faɗawa rami. A DIANA ko Abaqus ana ɗaukar bangon kamar abu ɗaya mai tsagewa, kuma lambobi biyu ne ke jan ragamar komai: ƙarfin ja, wanda a irin wannan dutse ake sawa tsakanin MPa 0.03 da 0.1, da kuzarin tsagewa, kamar 0.01 zuwa 0.02 N/mm. Kuzarin murƙushewa a matsi kuwa, masanin ginin dutse Lourenço ya ba da shawarar a ninka ƙarfin matsi da milimita 1.6 ga bango mai rauni. Idan ba ka ɗaure laushin bayan tsagewa da girman idon raga ba, duk lokacin da ka ƙanƙanta ragar ƙarfin ginin zai sauya, kuma ba ginin ne ya sauya ba. Gwada raga biyu, ta santimita 25 da ta 15. Idan zanen sakamakon turin na ragogin biyu bai yi kusa da juna ba, kada ka yarda da ko ɗaya. A Abaqus akwai wata lamba ta danƙo da ake ƙarawa don lissafi ya daina tsayawa. Idan ta yi yawa lissafin zai tafi sumul, amma bangon zai nuna ƙarfin da ba shi da shi. Kuma tsayawar lissafi ba rushewar gini ba ce. Sau da yawa tsaga ɗaya ce a bakin taga ta hana shi daidaita. Dubi hoton tsagogin kafin ka rubuta cewa nan ne iyakar ginin.

Babban tarkon kuwa shi ne irin wanda Baba ya faɗa, da sabuwar riga. Raga tana ɗinke kusurwoyi ɗinki na har abada sai dai in kai ka raba su. Idan bincike ya nuna kusurwar ba a sarƙe take ba, sa mahaɗa mai rabuwa ko layin gutsattsari masu rauni a wurin. In ba haka ba za ka sake samun akwatin ƙarya, wannan karon bayan kwana uku kwamfuta na aiki.

Inda ake son ganin rabuwa da faɗuwa a zahiri, hanyar tubala masu rabuwa kamar 3DEC ta fi. Kowane dutse ko rukunin duwatsu jiki ne mai zaman kansa, mahaɗarsu tana buɗewa tana zamewa. A nan kusurwar gogayya ce sarauniya, digiri 30 zuwa 35 ake yawan sawa, da kuma yadda ka zana jerin duwatsun. Ita ce kaɗai take iya nuna ɓallewar fuskar waje daga ta ciki, amma sai ka zana fuskokin biyu dabam.

Game da gwajin girgiza na ainihi: Eurocode 8 ya yarda da rikodi uku a ɗauki mafi muni, ko bakwai a ɗauki matsakaici. Ga kifewar bango ni ba na amincewa da uku, domin rangaji yana da taurin kai, rikodi biyu masu ƙarfi ɗaya na iya ba da amsa biyu, ɗaya bango ya dawo ɗaya ya tafi. Idan wurin yana kusa da tsagar ƙasa sa motsin sama da ƙasa ma, saboda yana rage matsin da ke riƙe duwatsu na ɗan lokaci, gogayya ta ragu daidai lokacin da ake turi. Idan manufarka zana yiwuwar lalacewa ce a kowane ƙarfin girgiza ga rukunin gidaje, kada ka sauya rikodi kaɗai. Sauya lambobin bango, taurin bene da halin kusurwa, ka danganta matakan lalacewa da matakai biyar na EMS-98, ma'aunin Turai na ɓarnar girgizar ƙasa, don a iya kwatanta su da abin da masu bincike suka ƙirga a fili. A ma'aunin nan dutse marar sassaƙa da ginin laka suna aji A, mafi rauni.

Hajiya Mai Lissafi ta ƙara:

Ɗan gyara ga Ɗan Raga: kafin a kashe lokaci kan kuzarin tsagewa, a tabbata samfurin yana girgiza kamar ginin. Lissafin Eurocode na 0.05 sau tsayi a ɗaga zuwa 0.75 yana ba gini mai mita 6 kusan daƙiƙa 0.19, wato bugu biyar a daƙiƙa. Idan samfurinka ya ba da 0.08 ko 0.5, akwai kuskure a nauyi ko tauri ko ma'auni, galibi an cakuɗa mita da milimita. Idan an sami damar sa na'urorin jin motsi a ginin na 'yan sa'o'i, a daidaita E da su. Sai dai E ɗin da za a samu na bangon da ke hutawa ne, ya fi wanda ake sawa a gwajin turi, kuma bai faɗi komai game da ƙarfi ba.

Tsohon Injiniya ya sake amsawa:

Tunda adadin ya faɗo, za a zo maganar gyara, kuma a nan samfuri yake iya yaudara ta uku. Idan ka sa rufin kankare da ɗamarar kankare mai kauri a manhaja, adadin zai yi tsalle sama, domin ka ba ta akwatin da take so. An yi irin wannan gyara da yawa a Italiya bayan girgizar Friuli ta 1976. Girgizar Umbria da Marche ta 1997 da ta 2016 sun nuna abin da ke biyo baya idan bangon da ke ƙasa bai inganta ba: rufin mai nauyi yakan zauna lafiya a kan tarin duwatsu. Manhajar ta ɗauka bangon dunƙule ne, shi kuwa ya warwatse a ƙarƙashin nauyin. Don haka a fara da bangon: a ɗura masa ruwan farar ƙasa a ƙaramin matsi daga ƙasa zuwa sama, a sa ƙusoshin da ke ratsa kauri su ɗinke fuska biyu, a sake cika tsagogin kwaɓi. Sannan sandunan ɗauri a matakin bene da na rufi, a ƙara wa benen jeren katako na biyu a gicciye, a ɗaure shi da bango da ƙarafa. Gidajen cikin garin Norcia, waɗanda aka ƙarfafa bayan girgizar 1979 da ta 1997, sun jure girgizar 30 ga Oktoba 2016 mai ƙarfin 6.5 fiye da yadda na Amatrice suka jure wadda ba ta kai ta ba.

Ga masu karatu da za su ɗauki wannan hanya zuwa wani wuri, misali Accra da ta sha girgiza mai kisa a 1939, ko ƙauyukan tsaunin Atlas na Maroko bayan 2023: tsarin binciken yana tafiya ko'ina, lambobin jadawalin Italiya ba sa tafiya. Bulon siminti mai rami na inci shida ko tara, da tubalin laka, kowanne yana son nasa gwajin matsi da na yanka. Bangon bulo na inci shida mai tsayin mita 3 wanda ba a ɗaure kansa ba, santimita 15 a raba da 300 ne, 0.05, ƙasa da na bangon dutsen da muka fara da shi.

Ƙanena, idan ka gama lissafin hawan sama kaɗai, ka tuna girgiza a mita 3 ta fi ta ƙasa ƙarfi, sai ka ninka abin da ake nema da ƙarin tsayi. Turo mana lambobin kusurwa da na kan bangon rufi mu duba.